Jirgin Kara Da Rula: Darasin Da Ke Jiran Yaran Gwarzo Da Kabo

Da zarar an gama girbi a yammacin Kano, an ɗaure dammunan dawa da gero an kai rumbu, sai wata kaka ta biyu ta kama wadda manya ba su cika kula da ita ba. Ita ce kakar yara. Karan da ya rage bayan an ɗebi na darni da na girki, shi ne jarinsu. Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kano ya ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo ya nufi Gwarzo a irin wannan lokaci, ya kuma leƙa garuruwa irin su Garo da Getso da Kutama da Lakwaya, zai tarar da yara a gindin bishiya da tsohuwar reza a hannu, suna tsaga ɓawon kara sili-sili suna soka shi cikin totuwa. Kafin la'asar mota ta fito, da tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa. Wani babur zai haɗa, wani tabarau, wanda ya fi su buri kuma ya ce shi jirgin sama zai ƙera.

Wannan wasa ya girmi kakanninmu, kuma har gobe yana nan, sai dai kayan aikin sun ƙaru: kwali da gwangwanin madara da wayar ƙarfe da gorar ruwa ta roba. Abin da wannan rubutu ke son jawo hankali a kai shi ne, tsakanin jirgin karan nan da aikin injiniya na haƙiƙa akwai tsani guda da ba mu taɓa kafa wa yaranmu ba, ga shi kuwa ba shi da tsada. Wannan tsani shi ne awo. Hanya mafi kusa ta koya musu shi kuwa ita ce a sa su ƙera ƙaramin samfurin jirgin da ya yi daidai da babbansa a kowace gaɓa, a kuma fara da jiragen yaƙi masu jefa bama-bamai da suka taɓa sauka a ƙasar Kano, domin su ne mafarin tarihin jirgin sama a wurinmu.

Baiwa akwai, awo ne babu

Ba a shekara ba a ga hoton wani matashi a Facebook ko a jarida ba, tsaye kusa da jirgi ko mota ko tankar yaƙi da ya haɗa da hannunsa. Sai a yi ta sa masa albarka, wani mai riƙe da muƙami ya kira shi ofis a ɗauki hoto, a ba shi ɗan abin da ya samu, daga nan kuma shiru kake ji. A 2007 labarin wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero ya zaga duniya, saboda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Kamfanonin dillancin labarai sun ruwaito cewa jirgin ya ɗaga, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Ba ƙaramin ƙoƙari ba ne wannan, kuma ya isa hujja a kan cewa ƙwaƙwalwa da hannu ba su ne matsalarmu ba.

Idan mai karatu ya ƙura wa yawancin irin waɗannan jirage ido, zai ga abu guda yana maimaita kansa. Fiffike ya yi wa gangar jiki kaɗan, ko jela ta yi girma fiye da kima, ko fiffiken dama ya ɗara na hagu da yatsa guda. An ƙera su ne da ido da ƙiyasi. Ido kuwa yana da iyaka. Tela komai ƙwarewarsa ba ya yanka shadda sai ya sa tef, magini ba ya ɗora bulo sai ya ja igiya, mai awon hatsi a kasuwar Getso ba ya sayar da masara da tafin hannu. To yaya za a yi abin da ya fi su duka buƙatar daidaito, wato jirgin sama, a bar shi ga ƙiyasi?

Su kansu 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, da abin wasa suka fara. A 1878 mahaifinsu ya kawo musu wani ɗan jirgin wasa na gora da takarda, mai tashi da ƙarfin roba. Abin da ya raba su da dubban yaran da suka taɓa riƙe irinsa shi ne, a 1901 sun gina akwatin da suke hura iska a ciki, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 masu siffa daban-daban, suna awo suna rubutawa. Bayan shekara biyu, ranar 17 ga Disamba 1903, jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12. Littafin awon nan ne ya ɗaga shi.

Jiragen da suka sauka a ƙasar Kano

Ɗaliban Gwarzo da Kabo ba sa buƙatar aron tarihin wasu kafin su sami jirgin da za su kwaikwaya. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na Rundunar Sojan Sama ta Birtaniya suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Sun taso ne daga Hilwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga wannan tafiya ake ƙirga tarihin sufurin sama a Najeriya, wanda ya cika shekara 100 a 2025. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jiragen nan ƙirar DH.9A ne, wato ƙananan jiragen jefa bama-bamai da aka fara aiki da su a 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fukafukai biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya, ƙashinsu na katako ne, an lulluɓe mafi yawansa da yadi, mutum biyu suke ɗauka, injinsu kuma mai silinda 12 ne da ƙarfin doki 400.

Bayan shekara 15 Kano ta sake shiga lissafin masu yaƙi. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Jamus, sai Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila masu kai kayan yaƙi Masar. Dabarar da aka yi ita ce, a kwance jiragen sama a zuba cikin akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, a haɗa su a can, sannan su keta Afirka ta sama. Hanyar ta bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda a yau ake kira Injamena, sai Al-Fashir da Hartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ba don Gwamnan Chadi Félix Éboué ya juya wa gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus baya a watan Agusta na 1940 ba, da hanyar ba ta buɗe ba. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na shekarar, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Madugun irin wannan ayari yawanci jirgin jefa bama-bamai ne ƙirar Bristol Blenheim, mai inji biyu da ma'aikata uku: matuƙi, da mai duba taswira, da maharbi. Da yake shi ne ke ɗauke da masanin hanya, sai ƙananan jiragen Hurricane masu mutum ɗaya su bi shi a baya, kamar yadda ayarin fatake ke bin jagaba. A Kano suke shan mai, a duba injin, a huta, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wani abin lura kuma, Coningham ɗin nan da ya fara sauka Kano a 1925, shi ne ya jagoranci rundunar saman Birtaniya a hamadar Masar da Libiya daga 1941, wato jiragen da ke ratsa Kano hannunsa da yawansu suke faɗawa, har aka kai ga gwabzawar Al-Alamain a 1942.

Kabo kuwa tana da nata kason a wannan tarihi, ta fuskar zaman lafiya. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, ya sa aka rubuta sunan garinsu a jikin jirage, har da manyan Boeing 747 da suka yi ta jigilar alhazai zuwa Saudiyya. Yaron da ya tashi a garin da sunansa ya sha keta gajimare, bai kamata a ce jirgin sama baƙon abu ne a wurinsa ba.

Mene ne ɗaya bisa 72?

Masu ƙera samfurin jirage a duniya suna da ma'aunai da suka saba da su, mafi shahara shi ne ɗaya bisa 72. Ma'anarsa, kowane tsawo da ke jikin babban jirgi a raba shi gida 72, kashi ɗaya shi ne na ƙaramin. An zaɓi wannan adadi ne saboda a awon Ingilishi inci 72 ne ke cikin ƙafa shida, don haka inci ɗaya a samfuri na wakiltar ƙafa shida a zahiri. A Ingila aka fara yayinsa a shekarun 1930, daga baya kamfanoni irin su Airfix suka riƙa sayar da gutattsarin roba a kwali ana haɗawa a gida.

Ga yadda lissafin yake. Faɗin fukafukan DH.9A daga tsini zuwa tsini mita 14.01 ne, tsawonsa mita 9.22. In aka raba da 72, sai a sami santimita 19.5 da santimita 12.8. Blenheim samfuri na huɗu yana da faɗin mita 17.17 da tsawon mita 12.98, wato santimita 23.8 da santimita 18. Shi kuwa Boeing 747 irin na Kabo Air, faɗinsa mita 59.6 ne, tsawonsa mita 70.6, don haka samfurinsa zai kai santimita 83 a faɗi, ya kusa mita guda a tsawo. A jera ukun nan a teburi guda, ɗalibi zai ga da idonsa irin nisan da fasaha ta yi cikin rabin ƙarni, ba tare da malami ya ce uffan ba. Gani ya kori ji. A ƙara masa da cewa tashin farko na su Wright mita 37 ne kacal, bai kai faɗin fukafukan 747 ba.

Darasin bai tsaya nan ba. Kuskuren milimita ɗaya a samfuri daidai yake da kuskuren santimita 7.2 a babban jirgi. In tsawo ya ragu sau 72, faɗin fili raguwa yake yi sau 5,184, wato 72 sau 72, girman ciki kuma sau 373,248. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗaukar abin da ya yi aiki a ƙarami a kumbura shi kawai a ce zai yi aiki a babba, domin nauyi yana ƙaruwa da sauri fiye da faɗin fiffiken da zai ɗauke shi. Da yawan matasan da suka zuba kuɗinsu da ƙarfinsu a jirgin da ya ƙi tashi, a nan suka yi tuntuɓe. Duk waɗannan batutuwa suna cikin manhajar lissafi da ta fasahar farko a ƙananan sakandare, amma a allo suke farawa, a allo suke ƙarewa.

Akwai ƙasar da ta taɓa ɗaukar wannan aiki da muhimmancin gaske. A 1942 Rundunar Sojan Ruwa ta Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfurin jirage 500,000 da katako a ma'aunin ɗaya bisa 72, a shafa musu baƙin fenti, domin horar da sojoji da masu gadin sama su bambance jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa. Sai wanda ya dace da zanen da aka raba ake karɓa. Yaran sun taimaki ƙasarsu, sun kuma fita da ƙwarewar karanta zane da riƙe kayan aiki.

Yadda za a haɗa shi da kayan gida

Kwalin Airfix ba abin da ɗan manomi zai saya ba ne, kuma ba a buƙatarsa. Hasali ma wanda ya ƙera kowace gaɓa da kansa ya fi mai manna abin da inji ya riga ya zuba samun ilimi.

Matakin farko zane ne. Kowane sanannen jirgi yana da zane mai fuska uku, daga sama, daga gefe, daga gaba, kuma ana samun na DH.9A da na Blenheim a intanet ko da wayar hannu ce. A kai shagon buga takardu a fitar da shi, sannan a sa rula a tabbatar faɗin fiffiken ya yi daidai da lissafi. In bai yi ba, a ja layuka gida-gida a kan zanen, a kwafe shi gida bayan gida zuwa wata takardar da aka auna gidajenta. Masu zanen hula da masu ɗinkinta sun daɗe da sanin irin wannan ƙidaya, shi ya sa 'yan matan da suka iya ɗinkin hula ko zanen lalle za su iya shan gaban maza a wannan fage in aka ba su dama. Masu koyo su fara da ma'auni mai ɗan girma, kamar ɗaya bisa 48, inda Blenheim zai kai santimita 35.8 a faɗi, domin hannu ya fi sakewa.

Na biyu gangar jiki. A yanko siffar gefen jirgin a kwali mai ƙwari ta zama ƙashin baya. A yanko wasu ƙananan faifai masu nuna kaurin jiki a wurare daban-daban, daga hanci zuwa jela, a manna su a tsaye kamar haƙarƙari. A cike tsakaninsu da totuwar kara, wadda ba ta da nauyi kuma tana bin reza yadda ake so, a goge da samfefa har sai yatsa ya daina jin tudu. Sannan a lulluɓe da siririyar takarda da aka jiƙa da farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa. A guji sholisho da danginsa, don kowa ya san ɓarnar da shaƙarsa ke yi wa yara. Reza kuma a naɗe gefenta ɗaya da tsumma ko salatif, babba yana kusa.

Na uku fiffike, kuma a nan ake gane gwani. Fiffiken jirgi ba shimfiɗaɗɗen allo ba ne. In aka yanka shi a tsakiya, gabansa mai kauri ne da zagaye, bayansa ya tafi a tsuke har ya zama kamar bakin wuƙa, samansa ya ɗan yi doro. Wannan siffa da ɗan karkacen da fiffiken ke yi wa iska su ne ke tura iska ƙasa, jirgi ya ɗaga. Haka kuma in aka dubi jirgin ta gaba, za a ga fukafukan sun ɗan ɗaga daga jiki zuwa tsini, abin da ke taimaka masa ya daidaita kansa in iska ta karkata shi. Dole a auna wannan ɗagawa ta zo ɗaya dama da hagu. Yaron da ya goge fiffike da hannunsa har ya ba shi wannan siffa, ya riga ya fahimci babin da ɗaliban jami'a ke haddacewa.

Ƙananan abubuwan da ke ba shi rai

Bayan an gama ƙashi da tsoka, sai ƙawa, kuma ita ce ke cin lokaci. A DH.9A, sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa za a iya yin su da tsinken sakace da aka fere, wayoyin da suka gicciye a tsakaninsu kuma da zaren ɗinki ko silin tsohuwar wayar lantarki. Farfelarsa ta katako ce mai kunne biyu. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashe masu zafi an ƙara musu lagireto a ƙarƙashin hanci, wasu ma har safayar taya suke ɗaurawa a jiki, saboda saukar daji. Launinsu a shekarun 1920 ruwan azurfa ne, da tambarin zobe uku: shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a cibiya.

Blenheim na da nasa sirrin. Hancin samfuri na huɗu gilashi ne, kuma ɓangarorinsa biyu ba ɗaya ba ne, an ɗan rafke saman na hagu domin matuƙi ya riƙa hango gabansa. Mai ƙiyasi ba zai taɓa lura da wannan ba, sai mai bin zane. Gorar ruwa ta roba mai garau za ta yi gilashin, a ja sandunan tagar da siririn buroshi. Injinansa masu zagaye ne, kowanne da silinda tara da farfela mai kunne uku, kuma a ma'aunin ɗaya bisa 48 murfin gorar lemo ya kusa yin daidai da marufin injin. A gadon bayansa akwai ɗan kurtun gilashi inda maharbi ke zama. Jiragen da suka yi yaƙin hamada ana shafa musu ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki.

Fenti kuwa a sirka shi, a shafa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, domin fenti mai kauri yana binne duk wahalar da aka sha. Jirgin da ya keto daga Takoradi cikin hazon hunturu ba zai iso Kano yana ƙyalli ba. Garin gawayi kaɗan a bayan bututun hayaƙi, ɗan jan turɓaya a taya da ƙasan jiki, sun isa su nuna wahalar tafiya. A ƙarshe a kafa shi a kan allo da aka barbaɗa wa jar ƙasa, a jera duromin mai a gefe. Su ma sai an auna su: durom mai tsawon santimita 88 zai koma milimita 12 a ma'aunin ɗaya bisa 72. Aikin makonni ne, ba na yini guda ba, kuma haƙurin da ke cikinsa rabin karatun ne.

Me ya sa sai jirgin yaƙi?

Tilas wani uba ko malami ya tambaya: a ƙasar da ta gaji da jin ƙarar bindiga, don me za a sa yara su ƙawata abin kisa? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Ta fuskar addini dai, abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar abu mai rai, jirgi kuwa ba ya cikinsu. Abin da ya rage shi ne tarbiyya.

Amsar ita ce, kowane samfuri ya zo da takardar bayani da ɗalibin ya rubuta da kansa, kuma ta faɗi gaskiya duka. A rubuta cewa DH.9A ne ya buɗe wa Kano ƙofar sama, a kuma rubuta cewa da irinsa Turawan mulkin mallaka suka riƙa yi wa ƙauyukan Iraƙi ruwan bama-bamai a shekarun 1920 don tilasta musu biyayya. In wani ya zaɓi Ilyushin Il-28, jirgin Tarayyar Sobiyet da Najeriya ta yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, to ya rubuta har da fararen hular da suka mutu a garuruwa da kasuwannin gabashin ƙasar nan. Mu a Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da bam daga sama ke yi. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, rayuka masu yawa suka salwanta. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga aƙalla mutum 85.

Yaranmu suna ganin jiragen yaƙi kullum a finafinai da wasannin waya, inda wuta ke tashi ba a ganin gawa. Gara su san jirgin a hannun malami, da sunansa da shekararsa da abin da ya aikata. Daga cikinsu ne za a sami matuƙa da injiniyoyi da hafsoshin gobe, kuma ƙasa ta fi buƙatar wanda ya tashi da ɗabi'ar sake duba awo kafin ya yanke, wanda kuma ya san cewa a ƙarƙashin fiffike mutane ne ke zaune.

Wa zai ɗauki nauyi?

Ba sai an jira Abuja ba. Shugabannin makarantun sakandare na Gwarzo da Kabo za su iya farfaɗo da kulob ɗin matasan injiniyoyi da masana kimiyya da aka sani da JETS, su ba shi wannan aiki na zango guda. Malamin lissafi ya kula da ma'auni, na fasaha ya kula da zane da yanka, na tarihi ko na Hausa ya duba takardar bayani. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin rula da kamfas da gam da samfefa da ƙananan gwangwanayen fenti ba, wanda ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya ɗauka ba tare da ta ji a jikinta ba. A gayyato kafinta da tela da maƙeri na gari su nuna yadda suke awo, don yara su gane cewa ilimin nan ba daga waje kaɗai yake zuwa ba. Almajirai da yaran da ba sa zuwa boko, waɗanda sau da yawa su ne gwanayen kara, a buɗe musu ƙofa su ma.

Ƙananan hukumomin biyu su haɗa gasa sau ɗaya a shekara, bana a Gwarzo baɗi a Kabo. Sharaɗin alƙalanci ya zama a fili: alƙali ya zo da rula, ya auna faɗi da tsawo da tsayi, ya gwada da lissafi, sannan a duba tsabtar aiki da ingancin bayani. Kada girma ko ƙyalƙyali ya ci gasa. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo a 'yan shekarun nan ita ta fi dacewa ta ba da alƙalai da ɗakin baje koli, don kuwa ɗalibanta na gobe ne ke wannan wasa. Kyauta kuma ta zama akwatin kayan zane da kuɗin makaranta, da ziyara zuwa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke horar da matuƙa da injiniyoyi tun da aka kafa ta a 1964, ko Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna. Samfuran da suka yi fice a nema musu gurbi a Gidan Makama ko a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda matafiyi zai tsaya ya karanta cewa ga jirgin da ya fara sauka a birnin nan, ga kuma makarantar da ta ƙera shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya iya fere kara yana da shekara goma, in aka haɗa shi da rula da zane yana da sha uku, ba a san inda zai tsaya ba yana da talatin. In kuwa aka bar shi da tafi da hoto, to a nan zai tsaya, mu ci gaba da sayen jiragen wasu muna kiran masu gyaransu daga waje. Allah Ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon duba wannan al'amari, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.